Abin da Na Yi wa Kawunka Sale

Ɗansoshiya,
Ranar Laraba da hantsi.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya ratsa da kai dajin Falgore lafiya, Ya sa ka shiga Riruwai da ƙafar dama. Wannan aikin koyarwa da aka tura ka, Allah Ya sa masa albarka, Ya haɗa ka da abokan zama nagari, amin.

Na san za ka yi mamaki. Gida ɗaya muka kwana, me ya kawo takarda? Na cusa ta ne a ƙasan jakarka, ƙarƙashin sababbin kayan da na ɗinka maka, don kada ka gan ta sai ka yi nisa. Ni da garin nan ya sani da surutu, har sunan yanka ya kusa ɓacewa aka koma ce mini Idi Rediyo, akwai maganar da na shekara bakwai ina juyawa a baki ta ƙi fita. Jiya bayan la'asar na kira ka shago da niyyar in faɗa maka, da ka zo ka durƙusa sai na ɓuge da tambayarka ko ka sayi fitila. Ka dai ga irin jarumtar ubanka.

Labarin gida babu wanda zan ba ka, kai ma yanzu ka baro shi. Maganar Kawunka Sale zan yi, ƙanin mahaifiyarka, wanda za ka sauka a gidansa. An gaya maka neman abinci ne ya kai shi Riruwai. Ba a yi maka ƙarya ba, amma an rage. Ni na kore shi daga garin nan, ban kuwa ɗaga masa sanda ba, da baki na yi. Kana da shekara goma sha biyu a lokacin, ka ga wani abu daga ciki, amma ba ka san tushensa ba.

Kana rarrafe na sayi rediyo mai cin batir huɗu. Na ɗinka masa riga da ragowar yadi, na rataye shi a ƙusa kusa da keken ɗinki. A lokacin masu rediyo a unguwarmu ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, saboda haka kafin wata ya zagayo shagona ya zama majalisa. Mutane su dawo daga gona su jeru a benci, a saurari labarai, in an gama sai a juyo a dube ni a ce, "To Malam Idi, me suke nufi?" Abba, wannan tambayar ita ta lalata ni. Na gama firamare, ina ɗan tsintar Turanci, sai na ɗauka duniya a tafin hannuna take. In ba su labarin ƙasashen da ko a taswira ban taɓa gani ba, in faɗi wanda zai ci yaƙi da wanda zai faɗi zaɓe, in yanke hukunci a kan motar da ta fi kowace ƙarko, alhali in ka cire keken ɗinki ban mallaki wani abu mai juyawa ba. A duk shekarun nan ban tuna ranar da na buɗe baki na ce ban sani ba.

Kawunka yana cikin masu zuwa, amma shi ba rediyo ke kawo shi ba, dara ce. Ka san dangin mahaifiyarka, Fulanin da suka zauna suka haɗa noma da kiwo, maganarsu ba ta da yawa. In ya shigo da shanu da yamma sai ya zo gindin darbejiyar ƙofar shago, ya tona gurabu da yatsa, ya zaro tsinkayensa goma sha biyu daga aljihu, ya ce, "Yaya, a taɓa?" Ni da tsakuwa, shi da tsinke. Shi ya fere su da kansa, har sun yi sheƙi saboda shan hannu. Kuma cinye ni yake yi. A zama goma da ƙyar nake cin ɗaya. Ba ya dariya, ba ya cika baki, sai dai ya share ƙasa ya ce, "A sake?" Wallahi da ya yi mini dariya da ya fi mini sauƙi. Ni da nake fassara wa gari maganar shugabannin duniya, ga makiyayi yana kwashe mini tsakuwa a gaban jama'a.

Al'ada kuma sai ta ba ni makami. Ƙanin mata abokin wasa ne, duk abin da ka faɗa masa ba a ɗauka da zafi, in ya ɓata rai ma shi za a ga baikensa, a ce bai san wasa ba. Sai na shiga rama wa kaina da baki abin da hannu ya kasa. In ya cinye ni in ce warin nono ne ya hana ni tunani, a yi dariya, shi ma ya murmusa. Haka aka faro, da ƙanana.

Ka kiyaye wannan, Abba. Wasan da al'ada ta halatta tsakanin mutane an yi shi ne don a ƙara zumunci. Duk ranar da ka ji kana tsokanar mutum alhali akwai ɗaci a ƙasan zuciyarka, to ka tsaya, don abin ya tashi daga wasa. Kai ka sani, shi ma ya sani, 'yan kallo ne kawai ba su sani ba.

Da aka kawo talabijin gidan kallo na gari, ana tayar da janareta da yamma, babu abin da ya fi ɗaukar hankalin mutane irin kokawar Turawa. Ni ne mai sharhi, ina tsaye a gefe ina faɗa wa mutane wane ne gwani, wane ne mugu. Wata rana wani ƙato ya ɗaga ɗan'uwansa sama ya maka shi da ƙasa, wancan ya miƙe ya ci gaba da tsalle. Sai Kawunka, wanda ya yi kokawa ta gaske da ƙuruciyarsa, ya ce a hankali, "Yaya, waɗannan fa shiri suke yi. Wanda aka kayar haka ba ya tashi. Dubi ƙafar wancan, ƙasa yake dokawa don a ji ƙara."

Na juya na ce, "Jama'a ku ji baƙauye! Baturen da ya ƙera jirgin sama shi zai zauna yana yi wa Sale ƙarya? Kai dai koma ka kama da maraƙi." Aka fashe da dariya har ba a jin janareta.

Bayan 'yan makonni wani malamin makaranta da ya yi karatu a birni ya kawo ɗinki, muna hira ya ce mini ai kokawar nan duk tsarawa ake yi, kowa ya san wanda zai faɗi tun kafin a shiga fili. Na gyaɗa kai kamar na daɗe da sani. Washegari na zauna a majalisa na ce, "Ni fa na daɗe ina lura da kokawar nan, na gano shiri ce." Har da dokan ƙasa da ƙafa na kawo musu hujja. Kawunka yana zaune yana jera tsinkayensa. Ya ɗago ya dube ni, ya mai da kai ƙasa, ya ce, "Yaya, kai ne da ajiya, sa tsakuwarka." Har yau in na tuna wannan kallon sai in ji kamar in nutse.

Za ka tsaya a gaban yara gobe da alli a hannu. In ɗalibi ya tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, za ka bincika. Ba a taɓa tuɓe wa malami hula don ya faɗi haka ba. In kuma gaskiya ta fito daga bakin wani, ko da wanda ka raina ne, ka bar masa abarsa, ka ce wane ne ya faɗa. Kuskuren da ka yi a gaban mutane kuma, a gaban mutanen nan ake gyara shi.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Sai kakanka na wajen uwa ya rasu, Allah Ya jiƙansa, aka raba gado, Kawunka ya tashi da 'yan shanunsa. Niyyarsa ya horar da bijimai biyu su yi masa huɗa, ya haɗa amalanke, sauran ya bar su su hayayyafa. Abin da ya sani ke nan tun yana yaro. Ni kuwa lokacin kaina ya ɗauki zafi da maganar ci gaba. Na ce masa zamanin bin bayan sa ya wuce, mai hankali mota yake saye, a-kori-kura, ya riƙa ɗaukar kaya zuwa Kwanar Ɗangora da Tudun Wada ranar kasuwa. Na matsa masa a gida, na matsa masa a majalisa, kullum da sabon misali. Mahaifiyarka ta ce mini, "Malam, da ka bar shi da abin da ya iya." Na ce mata ina ruwan mata da maganar mota.

Ya sayar da mafi yawan shanun, muka tafi Kano tare, ni ne masani. Tun a hanya ya ce, "Yaya, ko mu biya Kwana mu ɗauki bakanike ya duba mana?" Na ɓata rai na ce, "Wato ba ka yarda da ni ba ke nan?" Kunya ta sa ya bar zancen. Da dillali ya kai mu gaban motar, sai na zagaye ta sau biyu, na shuri taya da ƙafa kamar yadda na ga direbobi suna yi, aka tayar na kara kunne a jikin inji ina lumshe ido. Allah Ya sani ban san abin da nake saurara ba. Kawunka ya ja hannun rigata ya ce, "Wannan hayaƙin fa? Ga baƙin mai kuma yana ɗiga a ƙasa." Shi da bai san mota ba ya ga abin da ke gaban idonsa. Ni kuwa na ce, "Motar da ba ta hayaƙi ai ba ta da rai. Wannan injin agogo ne, biya kawai." Dillali ya ce lallai Malam ya san mota, na ji kaina ya ƙara girma.

Daga rani zuwa farkon damina ta yi. Wata ranar kasuwa, ɗauke da buhunan masarar mutane, injin ya buga a hanyar Tudun Wada. Kawunka ya wuni a bakin titi, motoci suna wuce shi, sai wani ɗan kasuwar hatsi na yankinmu da ake kira Alhaji Barau ya tsaya da babbar motarsa, ya kwashe kayan mutane, ya ɗaura igiya ya jawo masa motar har ƙofar gida, ya ƙi karɓar ko na goro. Da bakanike ya buɗe injin, a gabana ya ce wannan ya daɗe da mutuwa, baƙin mai mai kauri aka ɗura masa don ya kai ranar ciniki, duk wanda ya san mota da ya gane daga hayaƙin. Mu uku ne a wurin, ni da shi da Kawunka.

Ka san abin da na faɗa a majalisa da yamma? Na ce ai Sale ne bai iya ba, ya ɗauka mota saniya ce, a ba ta ruwa a kora. Aka yi dariya. Labarin da ya zauna a gari ke nan, cewa Sale ya kashe lafiyayyar mota da ƙauyanci. Motar ta zauna a ƙofar gidansa, tayoyi suka sace, kaji suka mai da ita wurin ƙwai. Mutumin da yake da garkensa ya koma kiwon shanun wasu da ƙodago a gonakin mutane. Duk da haka bai fasa zuwa dara ba, bai kuma taɓa gaya wa kowa abin da bakanike ya faɗa ba.

Abba, ra'ayi a bakin mai faɗa ba ya cin komai, wanda ya ɗauka ya yi aiki da shi shi ne yake ɗanɗanawa. Ka yi gardamar ƙwallo da ta fim yadda ka ga dama, ba wanda zai kwana da yunwa. Amma in magana ta zo kan abin da mutum yake ci da iyalinsa, gonarsa ko dabbarsa ko sana'arsa, kada ka sa baki sai a kan abin da hannunka ya taɓa yi. In ya nace sai ka faɗa, ka raka shi wurin wanda ya sani. Kuma in shawararka ta jefa mutum rami, ka zama na farkon da zai ce ni na jawo.

Yanzu na zo kan wadda ta fi yi mini nauyi, don da kai a cikinta.

Ka tuna lokacin da soja suka kafa jam'iyyu biyu aka yi zaɓen ƙato bayan ƙato? Babu akwati, babu ɓuya. A kafa hoton ɗan takara, duk mai sonsa ya tsaya a bayansa, a bi layi ana ƙirga kawuna, kowa yana ganin kowa. Wani ɗan takarar kansila ya ba ni hula da lasifika, na zama bakinsa a garin nan. Na yi masa alkawarin gidana da surukaina kaf, na ce su ai a aljihuna suke. Abokin karawarsa kuwa shi ne Alhaji Barau.

Ana gobe zaɓe Kawunka ya zo shago da rana, ya jira mutane suka ragu, ya ce, "Yaya, gobe ba zan tsaya a layinku ba. Mutumin nan ya ja ni ranar da kowa ya wuce ni. Na ce gara in zo in gaya maka da bakina, kada ka gani a fili."

Dubi irin wannan mutunci. Ni kuwa abin da na ji kawai shi ne za a ce Idi Rediyo ya kasa juya ƙanin matarsa. Yana fita na kira yaran unguwa, na raba musu alewa, na tsara musu waƙa na koya musu. Na san ba ka manta ta ba, don na sha jin kana yin ta kana wanka har bayan shekaru:

Sale direban kaji,
Ya sai da nagge ya sai akurki,
Layinku ma sai an tura.

Washegari da safe a filin firamare layinmu ya miƙe har bakin rijiya, nasu kuwa bai kai rabin namu ba. Kawunka shi ne na uku a nasu, ya sa farar rigarsa ta sallah wadda ni na ɗinka masa. Ana fara ƙirga sai yara suka ɓarke da waƙa daga bakin shinge, suna tafi. Kai ne a gaba, don muryarka ta fi ta kowa, kuma ni na ce ka ja musu baki. Duk filin aka ɗauki dariya, har da wasu na layinsu. Ni ina kallon Kawunka ina jira ya dube ni. Bai dube ni ba, kai ya duba. Kai da yake ɗora ka a wuya ya kai ka ganin maruƙa, wanda in an tatsi nono sai ya ware maka naka a ƙaramar ƙwarya. Ya tsaya a layin har aka ƙirga shi, sannan ya fita ya nufi gida a hankali.

Bayan kwana biyu ya zo shago. Na ɗauka dara ya zo yi, har na fara tattara tsakuwa. Sai ya zaro tsinkayen ya ɗora a kan teburin keke ya ce, "Ka ajiye waɗannan, ni na daina."

Na ce, "Haba Sale, wasa ne fa. Kai ba ka san wasa ba?"

Ya ce, "Na sani, Yaya. Na mota ma na sani. Amma da ka bar yaron a gida."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Da aka gama girbi ya sayar da gawar motar ga 'yan gwangwan, ya kwashi iyalinsa ya koma Riruwai, yana noma yana ɗan taɓa haƙar kuza. Ranar da za su tafi mahaifiyarka ta raka su bakin titi, ta dawo ta ɗora tukunya. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta kawo mini abinci ne ta ce, "Malam, cikin waɗanda muka fito ciki ɗaya shi kaɗai ya rage mini." Ta juya ta fita. Tun daga ranar sai ta shekara ba ta ga ɗan'uwanta ba sai in ta yi tattaki, in ta dawo ta ce yana gaishe ni, in ce ina amsawa, shi ke nan.

Ɗan takararmu ya ci. Sau biyu na ƙara ganinsa da idona kafin soja su rushe jam'iyyun gaba ɗaya. Ka san ƙarshen abin? Shi da Alhaji Barau daga baya suka haɗe a tafiya ɗaya, har ɗan wannan ya auri 'yar wancan, ni na ɗinka wa angwaye kaya. Ina zaune ina taka keke ina tunanin su sun zama surukai, ni na rasa nawa. Wannan ita ce dara ta ci gida.

Ban ce kada ka yi ra'ayin siyasa ba. Ga shi ana ta maganar za a sake komawa zaɓe, za ka ji zafinta a jininka kamar kowa. Ka zaɓi wanda ka yarda da shi, ka faɗi dalilinka in an tambaye ka. Amma wanda ya tsaya a wani layi yana da nasa dalilin, watakila ma ya fi naka tsabta. 'Yan takara za su shirya a inda ba ka gani, kai da maƙwabcinka ku ne za ku ci gaba da haɗuwa a masallaci da maƙabarta. Kuma ko me zai faru, kada ka sa yaro a cikin rigimar manya. Iyaye za su damƙa maka 'ya'yansu, abin da ka sa a bakinsu shi za su rera.

Za ka ce me ya tayar da wannan magana yanzu. Abu biyu ne. Watan jiya kuna zaune da abokanka a bayan shago kuna gardama a kan wannan gem ɗin da ake haɗawa da talabijin a gidan bidiyo. Hamisu ɗan gidan maƙera ya ce shi dai dara ta fi masa, don ita da mutum ake yi. Sai na ji ka ce, "Jama'a ku ji baƙauye!" Da muryata ka faɗa, har da yadda nake jan ƙarshen. Abokanka suka yi wa Hamisu dariya. Ƙafata ta tsaya a kan keke. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ban taɓa jin karin maganar nan ta ba ni tsoro ba sai ranar.

Na biyu, da labari ya kai wa Kawunka cewa an tura ka Riruwai, sai ya aiko direba har shago. Saƙon shi ne, "A gaya wa Yaya Idi na share ɗakin zaure, kada yaron ya kama haya ina raye." Yaron da ya ja masa waƙa a filin zaɓe, ɗan mutumin da ya tsara ta. Sai na ce wa direban ya ce masa an gode.

Ranar kasuwar da ta wuce na yi abin da ya kamata in yi tun shekara bakwai. Da majalisa ta cika na kashe rediyo, na miƙe tsaye na ce ina da magana. Na ce motar Sale matacciya ce tun daga Kano, ni na zaɓe ta, ni na hana a kira bakanike, ban san komai a mota ba, kuma waƙar zaɓe ni na tsara. Na ɗauka ƙasa za ta tsage. Sai na duba benci na ga waɗanda suka yi dariyar wancan lokaci wasu sun rasu, wasu sun bar gari. Wani saurayi ya ce, "Baba, wane Salen?" Malam Audu mai goro ne kawai, wanda aka yi komai a gabansa, ya dube ni ya ce, "Idi, mu ka yi wa laifi? Kai masa can."

Gaskiya ya faɗa. Kuma kada ka ɗauka ban taɓa gwadawa ba. Shekara uku da suka wuce na hau mota da niyyar zuwa, na kai har Doguwa, na sauka na sha ruwa, na tsallaka titi na hau mai dawowa. Na ce wa mahaifiyarka zare na je nema.

Saboda haka ga abin da nake roƙonka, roƙo kuwa, ba umarni ba. A cikin aljihun jakarka na gefe akwai 'yar jaka ta baƙin yadi da na ɗinka, tsinkayensa ne a ciki, goma sha biyu cif, ban bari ko ɗaya ya ɓata ba. Kada ka ba shi ranar da ka sauka. Ka bari ka huta, ka gaishe da iyalinsa, ka ci abincin gidansa. In kun keɓe bayan la'asar sai ka durƙusa ka miƙa masa da hannu biyu. Ka ce babanka ya ce kokawar nan shi ya fara ganewa, motar ba laifinsa ba ce, layin da ya tsaya kuma ya fi nawa gaskiya. Ka ce na faɗa a majalisa, ko da yake na makara. Waƙar kuma ka nemi gafararsa da bakinka, amma ka gaya masa alhakin a wuyana yake, kai alewa aka ba ka.

Daga nan ka yi shiru. Na san jininmu, za ka so ka ƙara bayani, kada ka ƙara. In ya karɓa ya ajiye a gefe bai ce komai ba, hakkinsa ne, ka tashi ka ci gaba da yi masa biyayya kamar yadda za ka yi mini, kada ka sake tayar da zancen. In kuwa ka ga ya sunkuya ya fara tona gurabu a ƙasa, to ka zauna ka yi da shi. Zai cinye ka, kada ka ji haushi. Washegari ka ba direban Tudun Wada saƙo a kawo mini, kalma ɗaya ta isa. Zan rufe shago in ɗauko mahaifiyarka mu taho, wannan karon kuma ita zan ba kuɗin mota ta riƙe, don kada mu kai Doguwa in ga zare.

Ka riƙe salla a kan lokaci. An ce garin akwai sanyi saboda duwatsu, na sa maka bargo a ƙasan kaya. Ka gaishe da Kawunka da iyalinsa, gaisuwa ta girmamawa. Mahaifiyarka da ƙannenka suna yi maka fatan alheri, ita ba ta san na rubuta wannan ba, amma ta ga ina ɗinka 'yar jakar, ta tsaya ta duba, ba ta tambaye ni ba.

Allah Ya tsare ka a tafiyarka da zamanka, Ya kare ka daga sharrin mutum da aljan, Ya tsare mutane daga sharrin harshenka fiye da yadda aka tsira daga nawa. Allah Ya yi maka albarka, Ya sanyaya zuciyar Kawunka, Ya ba ni ikon zama a gabansa ya cinye ni ko sau ɗaya ne kafin ƙasa ta rufe idon ɗayanmu. Amin summa amin.

Wassalam. Ni ne mahaifinka,
Idi Tela, Ɗansoshiya.